Tagwayen Ɗigo a Kan Zinariya

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato na zo hutu Yelwa daga Turai, inda nake karatun abubuwan da suka yi wa ido ƙanƙanta. A jakata akwai wani hoto da nake ji da shi: fuskar zinariya, ƙwayoyin zarra a jere kamar kunyoyin gero. Can a gefe guda kuwa kowane ɗigo yana manne da ɗan'uwansa, tagwaye. Na riga na yanke cewa sabon tsari na gano, har na fara rubuta bayaninsa.

Baba masunci ne, ya san ruwan nan tun kafin a datse kogi, tafki ya cinye ƙauyensu a ƙasar Ngaski. Da hantsi na tarar da shi yana ɗinkin taru, na miƙa masa hoton. Ya juya shi sama da ƙasa, ya tambayi irin kyamarar da ta ɗauka. Na ce babu kyamara. Wata siririyar allura ce ke bin saman ƙarfen tana jin tudu da kwari, sai kwamfuta ta zana abin da ta ji. Launin ruwan ɗorawar ma ni na zaɓa masa.

Ya ce ashe lalube ne, irin wanda yake yi da gora in yana neman kututturan da ke yaga masa taru a ƙasan ruwa. Ya daɗe yana kallon tagwayen.

"Ɗiyata, kin duba bakin allurar? Gorata in ta tsage, kututture guda sai in ji shi biyu."

Haushi ya kama ni. Na yi ta zuba bayani har Inna ta leƙo daga madafa ta ce in bar mutum ya yi aikinsa. Shi dai ya ci gaba da ɗinkin tarunsa.

Da na koma Turai, ban gaya wa kowa ba, na sauya allura na sake bin wurin. Babu tagwaye. Na sauya sau uku, ɗigo ɗaiɗai ne. Na ɗauki hotunan duka na kai wa malamina, na faɗa masa da bakina cewa tsohuwar allurar baki biyu gare ta. Ya gwada su gefe da gefe, ya ce na yi daidai. Daga wannan makon ya ɗora mini koya wa sababbin ɗalibai yadda ake wasa bakin allura, aikin da na riƙe har na gama karatu.