Jinjina ga Haliru Jandutsi, Mai Gadin Filin da Ba Nasa Ba

Duk wanda ya saba bin hanyar Aliero daga Jega da sassafe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dogon mutum ne siriri, a kan wani tsohon babur mai yawan tari, da gwangwanin jan fenti rataye a ƙaho. Idan ya iso bakin Sabuwar Unguwa sai ya jingine babur ɗin a gindin dogon yaro, ya naɗe ƙafar wando, ya gangara cikin kwarin nan da ya raba unguwar biyu. Yana tafe yana duba turakun simintin da ke nuna iyaka. Wanda aka karkatar ya miƙe shi, wanda aka matsar ya mayar da shi mazauninsa, wanda aka tumɓuke ya lalubo shi cikin ciyawa. Sai ya gama wannan zagaye sannan yake wucewa ofis. Sunansa Malam Haliru Jandutsi, jami'in tsara gari ne, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Na tambaya ko an shirya masa wani taron bankwana, aka dube ni kamar na yi saɓo. Babu taro, babu ko lemon kwalba. Mutanen da suka raba fulotan gwamnati tsakanin surukansu an yi musu walima da makaɗa, shi kuwa wannan ana jira ne kawai ya kwashe komatsansa a huta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina a ɓace yake.

Lokacin da aka ba mu jihar Kebbi, kowa ya farka da neman fili. Ma'aikata sun dawo gida daga Sakkwato, 'yan kasuwa sun hango abin da ke tafe, ƙasar da jiya akuya ke kiwo a kai ta zama abin faɗa. Sai aka ɗauko wani kamfanin masu tsara gari daga Kaduna don su zana sabuwar unguwa a gefen Jega. Sun zo da mai zanen gini, da injiniyan ruwa, da masanin itatuwa, har da wata mace da ke shiga gidaje tana tambayar mata inda suke zubar da ruwan wanke-wanke. Malam Haliru aka haɗa su da shi, domin shi ya yi karatun abin kuma shi ne ɗan ƙasa.

A gaskiya mutanen nan sun yi aiki, kuma sun saurara. Haliru ya kai su Aliero suka ga rudu, wato rumfunan kara da ake ɗagawa sama a ajiye albasa iska na ratsa ta, suka koma suka juya titunan unguwar yadda iska za ta riƙa shiga gidaje. Suka ba da shawarar katanga mai kauri da tagogi masu fuskantar juna, don talaka ya iya barci da bazara ko babu lantarki. Ya kuma kai su wurin Gidaɗo, wani dattijon makiyayi da ke zaune a bayan gari. Gidaɗo ya nuna musu kwarin da sandarsa, ya ce, "Nan shanunmu ka bi tun kakanni. In damana ta yi, nan kau ruwa ka bi. Kowa da lokacinai, ba mu taɓa hwaɗa ba." Saboda haka aka bar kwarin a buɗe cikin taswira, mai faɗi, daga bakin titi har fadama, aka ce kada a ɗora ko bulo ɗaya a cikinsa. Aka ware filin makaranta, aka ware filin masallaci a kan tudu. Daga nan masu kamfani suka yi sallama suka koma Kaduna, suka bar taswira a bangon ofis da mutum guda da zai kare ta.

Zana kwari a takarda ba wuya. Wahalar tana ga hana mutane cinye shi, domin a idon ɗan kasuwa fili a bakin titi wanda ba shago a kansa asara ce tsagwaronta. Wanda ya fi kowa ƙwallafa rai shi ne Alhaji Mu'azu, babban dillalin albasa, mutumin da motocinsa ke lodi har Kudu. Ya fara da lallashi. Ya aika wa Haliru rago, ragon ya dawo. Ya aika buhunan albasa, su ma suka dawo a bayan babur ɗin nan mai tari. Rannan ya tare shi da kansa a bakin kwarin.

"Malam Haliru," in ji shi, "wanga hili na banza kaka gadi awa gonar gado? Shago ɗai nika so in yi in aje kaya."

"Alhaji, in da nau na, da na ba ka," in ji Haliru. "Ba nau ba na. Hanyar ruwa ta, in an toshe ta gidajen mutane za shi shiga."

Alhaji ya yi murmushi ya shiga motarsa. Haliru ya ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu aka fara.

Akwai wata dabara da duk ɗan ƙasar nan ya sani, kuma kowa na jin nauyin faɗarta. Idan mutum yana son cin filin da aka hana shi, ba shago yake fara ginawa ba. Sai ya sa a share wurin, a jera bulo layi ɗaya a kewaye, a fitar da alƙibla, a shimfiɗa tabarmi, a ajiye butoci. Shi ke nan ya zama masallaci. Bayan wata biyu a kafa rumfar kwano saboda rana. Sai a manna ɗan shago a jikin bango, a ce na hidimar masallaci ne. Kafin shekara ta zagayo shaguna sun yi layi, masallacin kuwa ya koma ɗan lungu a tsakiyarsu. Babu ma'aikacin da ke taɓa irin wannan bulo, don kowa ya san sunan da za a laƙaba masa. Wannan ba son addini ba ne, sata ce aka lulluɓe da tabarmar salla, kuma masu yin ta sun sani sarai.

Wata safiya Haliru ya gangaro kwarin ya tarar da bulon a jere a tsakiyar hanyar ruwa, yaran shagon Alhaji Mu'azu na yayyafa wa wurin ruwa. Haliru ya tsaya ya duba wurin. Mutum ne mai ibada, ɗan gidan malamai, kuma ya san jan fentin da yake shafa wa ginin da ya keta doka ba zai yi aiki a nan ba. Ya kuma san cewa idan bulon nan ya kwana biyu, kwarin ya tafi ke nan, kuma gidajen da ke gangare, na masu tura ruwa da masu dako, su ruwan zai fara ci.

Ya tafi wurin Liman Dalhatu, limamin unguwar, ya zayyana masa komai. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ce, "Gaskiya taka ta, Haliru. Wurin da anka ƙwace ba a kahwa masallaci gare shi. Amma ni na tsuhwa, ba ni iya rigima da Alhaji. In an tambaye ni, ina hwaɗi." Ya tafi wurin manyansa a ofis, kowa ya tuna yana da wani taro.

Abin da ya yi daga nan mutane da yawa sun gani da idonsu, don da rana tsaka ya yi shi. Da azahar ya zo wurin, ya yi alwala, ya shiga sahu, ya bi salla tare da su Alhaji Mu'azu. Da aka sallame ya miƙe ya ce, "Jama'a, ga hilin masallaci can bisa tudu, tun ran da anka zana unguwag ga anka ware shi. Ya hi wanga girma, ruwa kau ba ya kai mai. Ni za ni kai bulon ga can. Mai son lada shi kama mani." Ya duƙa ya ce bisimilla, ya ciccibi bulo na farko ya ɗora a kafaɗa.

Alhaji Mu'azu ya daka tsawa, "Ku gani, jama'a! Ku shaida! Ɗan boko na rushe ɗakin Allah!"

Wurin ya kaure. Wasu na salati, wasu na zagi, wani ya jefe shi da buta. Masu dakon nan da yake yi dominsu suna tsaye suna kallo, ba wanda ya motsa, don a wurin Alhaji suke samun na abinci. Haliru ya wuce da bulon a kafaɗa. Ya hau tudu ya ajiye, ya dawo ya ɗauki wani, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf. Ana cikin haka Gidaɗo ya iso da shanunsa. Ya tambayi abin da ke faruwa, aka gaya masa, sai ya kafa sandarsa a ƙasa ya ce, "Malam, kai ɗauki tabarmi, bar mani bulon." Su biyu suka kwashe wurin tas, suka sake jera shi a kan tudu, suka daidaita alƙibla. La'asar a can suka yi ta, su kaɗai.

Haliru, kai ne ka ɗauki abin da limami ya ji tsoro, manyanka suka gudu suka bar maka. Kai ne ka yarda a ɓata sunanka don kada ruwa ya shiga ɗakin wanda bai ma gaishe ka ba. Haliru na Jandutsi, turken da ba ya matsawa, sannu da ƙoƙari.

Kafin kasuwa ta sake ci, labari ya kai Aliero, ya kai Gehuru, kuma kowane baki da abin da yake ƙarawa. Wasu suka ce da katafila ya zo. Wasu suka ce ya taka tabarma da takalmi. Ba wanda ya ambaci tudu, ba kuma wanda ya je ya tambayi Liman Dalhatu, shi ma bai fito ya faɗa ba. Maganar ta kai har garinsu Jandutsi, mahaifiyarsa ta aiko a kira shi. Tsohuwar tana kuka ta ce, "Haliru, da gaske na abin da nika ji?" Ya gaya mini cewa duk cikin abin da ya same shi, wannan tambayar ta fi yi masa ciwo. Ba a jima ba aka ɗauke shi aka tura shi Maiyama, wai don hankalin jama'a ya kwanta.

A can ma bai zauna ba, ya yi ta awon kasuwannin ƙauye har wajen Kuberi. Amma duk ƙarshen mako sai ya hau babur ya dawo ya zagaya kwarin, ya shayar da dogon yaron da ya dasa a gefensa. Sauran kwanakin kuwa, Gidaɗo ne ke gadi ta hanyar da ya iya: kullum safe da yamma ta nan yake koro garkensa, duk wanda ya haƙa tushen gini da safe, kafin magariba kofato ya cike shi. Da haka aka lallaɓa har aka dawo da Haliru Jega.

Yau ku je ku gani. A shekarar da aka yi ruwan nan mai yawa, kwarin ya cika ya batse, ruwa ya wuce fadama bai shiga gidan kowa ba. Da rani mata na shanya tattasai a wurin, shanu na wucewa ba sa shiga gonar kowa, dattawa na hira a inuwar itatuwan da suka girma. Masallacin tudu kuwa ya zama babba. Alhaji Mu'azu ne ya yi masa rufi daga baya, aka rubuta sunansa da koren fenti a saman ƙofa, ana sa masa albarka bayan kowace salla. Ba na hana shi ladar kwanonsa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wanda ya ɗauko bulon farko a kafaɗarsa har yau idan ya wuce ana nuna shi da baki, ana cewa ga mai rushe masallaci.

Makon jiya na raka shi salla a wannan masallacin, na ga abin da ya sa na kasa yin shiru. Ya tsaya a ƙarshen sahu. Da liman ya ce a daidaita sahu a haɗa kafaɗu, mutumin da ke kusa da shi ya ɗan ja jikinsa, ya bar tazara tsakaninsu. Ba yaro ba ne, magidanci ne, kuma gidansa na cikin gidajen gangare. Haliru bai ko juya ba, ya yi kabbara abinsa. Da muka fito na yi masa maganar, ya ce, "Kai ad da baƙon ido. Shekaru ke nan haka nika sallata."

Malam Haliru, mun gode. Allah Ya saka maka da gidan da ya fi duk wanda ka auna wa mutane, Ya ba ka lafiyar cin hutunka. Ku kuma matasan da za ku gaji teburinsa, ku sani taswira ba ta kare kanta, sai an sami mai tsaya mata a rana. Amma mu mutanen Sabuwar Unguwa, ba na roƙon mu yanka masa sa ko mu kira makaɗa. Gobe da azahar zai zo, zai tsaya a ƙarshen sahu. Duk wanda ya sami kansa kusa da shi, don girman Allah ya matsa ya haɗa kafaɗa da shi.