Kumfa a Birkin Motar Rake

Har yau ban manta da safiyar da na zare makullin motar Alhaji Habu na tura shi cikin lalitata ba. Ku da kuka shigo garajin nan daga baya kuna jin labarin gutsi-gutsi a teburin mai shayi. To ga yadda aka yi.

Lokacin rake ne, ban daɗe a hannun Malam Isuhu mai garajin ba. Sai da na aurar da ɗiyata ta fari na shiga makarantar manya, daga can na wuce koyon gyaran mota, don haka a garaji ni ce babba a shekaru, ƙarama a muƙami. Tsarin kuwa kun san shi: maigida ke duba mota ya yanke hukunci, na ƙasa ya kwance ya ɗaura.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce mai ɗauko rake da mata ƴan kasuwa daga Yauri zuwa Matameye. Direbanta, Sallau, ya shigo da lodinsa ya ce birki na yi masa laushi, wani lokaci kamar ya taka tuwo. Malam Isuhu ya shiga ya taka, ya ji tauri. Ya buɗe kofin man birki, cike yake. Ya ce lafiya lau, a tafi.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na ce, "Sallau, yaushe yake laushin?"

"Sai na yi lodi na yi nisa, Yaya Rabi. Da safe kamar dutse."

Ga abin da aka koya mana. In iska ce ta shiga tiyo, laushin ba ya zaɓen lokaci. In robar babbar silinda ce ta mutu, ka taka ka riƙe, za ka ji ƙafarka na nitsewa a hankali. Na taka na riƙe, ba ta nitse ba. Birkin da sai ya yi zafi yake laushi kuwa, wani abu ne ke tafasa a cikinsa. Na shiga ƙarƙashi, na sassauta ɗan kusan da ake fitar da iska a tayar baya, na tara tafin hannuna. Da na murza, sai kumfa.

Sallau ya sosa ƙeya. "Tayar nan ke ɗan ɗiga. In mai ya ragu a daji sai in kaɗa garin sabulu a ruwa in cika. Haka maigidan da ya koya mini tuƙi ya nuna mini, haka kowa ke yi a tasha."

"Sannu, mai wanki," na ce, na miƙa hannu na zare makulli.

Ba a jima ba Alhaji Habu ya iso a kan babur, mata na jiransa a Yauri da sauran kaya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Isuhu, yaushe ka fara ɗaukar jandarma aiki?"

Malam Isuhu ya ja ni gefe. "Rabi, motocin Alhaji ke riƙe da garajin nan. In kika kore shi a banza, ki haɗa kayanki yau."

Na ce na yarda. Na juya na ce, "Alhaji, shigo gaba. In birkinka ya ci har mu dawo, ba za ka sake ganina a nan ba."

Na ja motar da rakenta zuwa filin ƙwallon bayan gari, ba kowa sai awaki daga nesa. Ina gudu ina takawa, ina gudu ina takawa. Alhaji na dariya, wai baiwar Allah za ta ƙone masa mai a kan kumfa. Har lokacin kuwa birkin ci yake. Can ƙaurin ƙarfe ya taso. Na ce, "Alhaji, dubi ƙafata." Na taka, ta tafi har ƙasa, mota ko alamar tsayawa. Na sauke giya, na ja birkin hannu, yashi ya ƙarasa mana sauran. Alhaji ya riƙe ƙofa da hannu biyu yana salati.

Na ce, "Nan fili ne. A kan titi mata ne a bayan nan, wasu da goyo."

Ya saki ƙofar. Sannan ya ce, "Malama Rabi, me za a sayo?"

Muka canja robobin tayar da ke ɗiga da takalman birkin da suka jiƙe, muka wanke tiyo kaf da sabon mai, muka fitar da iska tun daga tayar da ta fi nisa da direba. Sallau ke takawa, ni ke ba da umarni, Malam Isuhu da kansa ke miƙo mini kile, wato sifana. Kafin sati ya zagayo Alhaji ya turo sauran motocinsa, kuma tun daga ranar duk aikin birki a garajin nan hannuna yake bi.

Ba mugunta ke sa direbobinmu haka ba. Dabarar daji tana kawo mutum gida, sai ya manta bai cire ta ba, ba kuma zai faɗa muku ba sai kun tambaya. Saboda haka ku tambayi direba yaushe, ku taɓa man da hannunku. In kun ga kumfa, ko motar wa ce, ba ta fita.