Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya taɓa shiga shagunan garin Xintang na ƙasar Sin ya san warin sabon wandon jins, warin rini mai kama maƙogwaro. Abokan tafiyata toshe hanci suke yi. Ni kuwa da na shaƙe shi sai in gan ni a tsakar gidanmu ina yaro, ana kwance jakar Baffa.

Baffa yayan mahaifina ne, ɗan farin Kaka, kuma a danginmu shi ya fara zuwa Sin saro kaya. Yakan dawo gab da damina, ya zauna a tabarma yana jefa mana wandunan da suka fi mu tsawo. Kaka ba ta fitowa. Tana ɗaki tana sauraron muryarsa, sai ta aiko da fura a ƙwarya ta ce, "A kai wa wancan." Kun san alkunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ko maƙwabcinmu mai irin sunan, wani sunan ta laƙaba masa. Mukan tsokane ta mu ce ta faɗa mu ba ta goro, ta bi mu da mafici.

Wata shekara damina ta sauka bai dawo ba. Jakarsa ce ta dawo, da labarin zazzaɓi ya kwantar da shi a Guangzhou, 'yan'uwa sun yi masa sutura a can. Aka yi zaman makoki ba gawa. Kaka ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma duk shekara da hadari ya fara haɗuwa sai ta dama fura fiye da ta mutanen gida. Ƙwaryar takan wuni a rufe da faifai a bakin zaure. Tsoron ƙwaryar nake ji, nesa nake ratse ta.

Da na girma na kama sana'ar Baffa. Ina shirin wata tafiya Kaka ta kira ni, lokacin ƙafa ta riga ta ƙi, numfashi ma da ƙyar.

"Maigida," ta ce, don haka take tsokanata, "ka gano min inda aka kwantar da wancan. Har yau kunnena na ƙofa."

Da na isa Guangzhou na yi ta tambaya a masaukan titin Huanshi Lu har aka haɗa ni da wani dattijo mutumin Maraɗi da ya halarci jana'izar. Ya kwatanta min wata maƙabartar Musulmi can bayan gari, kan tudu.

"Kada ka wahalar da kanka da rubutu, ɗana, na Sinanci ne. Ka nemi tukunya."

Ashe ranar sun ga kabarin ba ya kama da na gida, sai suka sayi tukunyar ƙasa irin wadda ake dafa shinkafa a can, suka fasa, suka kafa masa a kai kamar yadda muke yi.

Na isa da hantsi ana yayyafi. Gonakin ayaba a ƙasa, jar laka na kama takalmi, duwatsu jere ko'ina da rubutun da ban iya karantawa ba. Na faɗa wa tsohon mai gadi sunan, ya girgiza kai ya ce, "Meiyou." Babu ke nan. Na bi layi ina ɗaga ciyawa da hannu, ban san da wane baki zan koma wa Kaka ba in ban same shi ba. Can gefen katanga na ga baƙin tsingaro, gansakuka ta rufe shi, a gindin wani ɗan gajeren dutse.

Na yi addu'a, sannan na kira gida ta bidiyo, aka kara wa Kaka wayar, na nuna mata dutsen.

"Me aka rubuta a jiki?" ta ce.

Na yafito mai gadin. Ya duƙa ya karanta, sunan ya fito gutsure-gutsure yadda harshensu ya iya, ko ni ban gane shi ba. Kaka ta girgiza kai.

"Ba haka ba ne," ta ce.

Sai ta faɗe shi. A hankali, cikakke, da ɗan ja a ƙarshe, kamar mai kiran yaro ya shigo ga ruwa nan tafe. Wallahi sai da na waiwaya.

Daminar da ta biyo, fura daidai mutanen gida ta sa aka dama, kuma ba ta ga lokacin kaka ba. Nata kabarin ba dutse ba rubutu, tsingaro ne kawai, amma na san shi.

Yanzu matata kiran ɗanmu na fari take da sunansa tun daga soro, ba wanda ke ɗaga kai. Sunan Baffa aka sa masa. Kowa ya saba, ni ne dai har yau in ta kira shi ana hadari nake kasa kunne in ji wa zai amsa.