Shago na Tara

In kun ji an ce 'yan sanda na neman 'yar Goggona a ƙasashe arba'in saboda tana kiwon cuta a firij tana sayarwa kwalba-kwalba, ku kwantar da hankalinku, ƙarya ce. Na tabbata, don ni na ƙaga ta. Firij ɗin akwai shi, ƙwayoyin cutar ma suna ciki, sauran duk gishirina ne.

Taubashiyata ce, tun muna rarrafe nake tsokanarta. Ni na yi sallama da boko a aji uku na buɗe shagon ƙanƙara da ruwan sanyi, ita kuwa ta yi ta karatu har malamai suka gaji suka ce ta zama Dakta. Ba ta allura. Aikinta bin rijiyoyi da tankuna da kwatoci da 'yan kwalabe, ta ɗebo ruwa, ta shafa a faranti, ta zauna jiran abin da zai tsiro. Ni na sa mata Sarauniyar Kwata, sunan kuma ya bi ta.

Ranar da na tafka abin kunyar, wani abokin aikinta ne ya tsaya shan ruwa a shagona, ya ce, "Ka san an ambaci 'yar'uwarka a takardu sau dubu biyu da ɗari uku?" Ni a sanina ba a ambaton mutum a takarda sai in sammaci ne. Na kai wa Goggo da ɗuminsa, na ƙara ƙasashe arba'in don ya yi armashi. Na zaci dariya za ta yi. Goggo mai hawan jini ta kwanta, ta ƙi abinci kwana biyu, ta aika wa 'yarta cewa ko ta bar aikin nan, ko kada ta sake taka mata ɗaki.

Dakta ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Ta ɗauke ni zuwa ɗakin gwajinsu, ta sa mini farar riga har gwiwa, ta zaunar da ni gaban kwamfuta.

"Takarda arba'in da ɗaya na rubuta," in ji ta. "Duk masanin da ya kafa hujja da ɗaya a cikin nasa aikin, sai ya sa sunana a ƙasa. Shi ne ambato. Yanzu tashi ka je ka kwance abin da ka ƙulla."

Muka je tare. Na durƙusa gaban gadon Goggo na zayyana komai, kaina a ƙasa. Ta kira ni shashasha sau uku, ta jefe ni da filo, sannan ta ce a kawo mata abinci. Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa da na ga Goggo ta kai loma, sai bakina ya dawo.

"Ranki ya daɗe, Sarauniya, wace ce ta fi farin jini cikin takardun? Wa zai zauna ya karanta labarin kwata?"

Dakta ta buɗo ta a waya. Kan ƙanƙarar shaguna ashirin ce, shekarar da gudawa ta yi ta kwantar da 'yan makaranta. Ita kaɗai an ambace ta sau ɗari takwas. Ba sunan kowa a ciki, lamba ce kawai, kuma Shago na Tara ne ya ciri tuta. Ta fassara mini: duro ba murfi, moɗa a ƙasa, mai shago na ƙulla leda da hannun da ya fyace hanci, mage na barci kan firiza.

Na tuntsire da dariya. "Wannan ƙazami a kulle shi da shagon nasa!"

Magen ce ta tsaya mini a rai, don tawa ma kan firiza take barci. Na tuna zuwan Dakta shagona da kwalabenta shekara takwas baya, da takardar da na sa wa hannu ban karanta ba. Na tuna ta dawo da bokiti mai famfo, ta naɗe hannun riga ta wanke durona da kanta, ni ina gaya wa maƙwabta wai aikin gwamnati ya ƙare mata. Na tuna 'yar farina ta yi mako a asibiti a waccan shekarar.

Goggo na cin abincinta, ba ta gane komai ba. Na daure na murmusa.

"Ai ba ni kaɗai ke da mage ba, Sarauniya."

Ta mayar da wayar jaka, ta rage murya yadda Goggo ba za ta ji ba.

"Haka ne. Shekara takwas ina rufa maka asiri da lamba, kai kana tallata ni da suna. Sarautar kwata na karɓa, Taubashi, amma ka sani a fadarka aka naɗa ni."