Yadda Shitu Ya Yi Wa Bishiyar Lawban Ƙiba

Shitu mutumin Bichi ne, ɗan manomi jikan manomi, amma tun yana saurayi ya yi wa fartanya sallama. Ya fara da tsaron shagon jakunkuna a kasuwar Sabon Gari, har ubangidansa ya turo shi Guangzhou ta ƙasar Sin sarin kaya. Daga zuwa sari sai zama. Ya koma ɗan jagora: 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi su sauka, ya ɗauke su a mota zuwa masana'antun jaka na Shiling, ya taya su ciniki, ya bi kayan har su shiga kwantena a tashar jirgin ruwa ta Huangpu. Sinancinsa kuwa, in ji shi da bakinsa, bai wuce gaisuwa da "ya yi tsada" ba, sauran duk hannu ke faɗa.

Cikin masu masana'antar da yake hulɗa da su akwai wani dattijo, Liang, wanda kowa ke kira Lawban, wato maigida. Wata shekara, gab da bikin sabuwar shekarar Sinawa, Lawban ya kira shi ofis ya miƙa masa wata 'yar bishiya da hannu biyu. Tsayinta bai kai kamu guda ba. Ganyenta siri-siri kamar allura, irin itacen da ba ya kaɗe ganye rani da damina, gindinta a murɗe kamar igiyar guga, tana zaune cikin wani kasko mai faɗi marar zurfi. Lawban ya yi dogon bayani. Shitu yana ta gyaɗa kai, amma kalma ɗaya ya tsinta a ciki, "baba". Sai ya ɗauka cewa ake yi ya zame mata uba.

Da ya kai ta barandar ɗakinsa ya ƙare mata kallo, jinin manoma ya motsa. Ƙasar da ke ƙarƙashinta ba ta cika tafi biyu ba, rassan kuma an nannaɗe su da waya kamar an kama ɓarawo.

"Wannan ai zalunci ne," ya ce. "Mutum da masana'anta guda, ya rasa tukunyar kirki?"

Ya kwance wayar. Ya sayo babban bokiti, ya huda ƙasansa, ya cika shi da baƙar ƙasa, ya zuba taki ba ƙwauro. Ga ruwan Guangzhou ga zafinta, damina na kamawa bishiya ta miƙe. Rassa suka harba sama sambal, ganye ya yi tsawo ya cunkushe, murɗaɗɗen gindin ya ɓace cikin duhuwa.

Abokinsa Barmo, Bamaraɗe mai sarin tufafi a kasuwar Shisanhang, ya zo cin tuwo ya ganta.

"Malam Shitu, ni dai na ga irinsu kasuwar furanni ta Fangcun. Kuma wallahi ƙananan su ne masu daraja."

"Haba Barmo, a kan shuka za ka koya mini? A kunyar gona aka yanke mini cibiya."

Rannan da ya je Shiling, sai da aka gama lodi aka zauna shan shayi sannan ya zaro waya, yana murmushin mai jiran yabo, ya nuna wa Lawban hoto. Dattijon ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Can ya yi magana a hankali cikin manhajar fassara, wayar ta maimaita da Turanci: mahaifinsa ne ya fara renon bishiyar tun kafin a haifi Shitu, shi kuma ya ɗora. Ƙaramar da gangan aka yi ta, kowane reshe an san dalilin da ya sa ya karkata.

Shitu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ashe kaka aka ba shi riƙo, shi kuwa ya ɗauke ta jaririya ya yi ta ɗura mata koko. Ya fara ba da haƙuri da Hausa, ya koma Turanci, ya ƙare da hannu. Sai ya ga kafaɗun Lawban na rawa. Ya zaci kuka ne, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa har da tari.

"Mu duka gidanmu," in ji wayar, "ba wanda ya taɓa sanin tana da wannan cin."

Ranar Lahadi Lawban ya hawo bene da kansa, da almakashi a aljihu. Ya daɗe yana zagaya bokitin kafin ya yanke reshe ɗaya tak, ya mayar da almakashin.

"Shi ke nan?" in ji Shitu.

Shi ke nan. A wannan gari, Lawban ya bayyana masa, yanka ake yi a jira. Sai reshe ya yi sabon toho ya nuna inda ya nufa, sannan a sake yanka. Shitu ya tambaya yaushe za ta koma kamar da. Lawban ya girgiza kai ya ce "meyo", babu. Waccan ta tafi, sai dai su yi wata da abin da ya rage.

Tun daga nan Shitu, wanda jiran danja ma ke ɓata masa rai, ya shiga makarantar jira. Ya sayo wasu ƙanana guda biyu masu araha don gwaji. Ɗaya ya kashe ta da ruwa, ɗayar da almakashi. Barmo ya yi masa ta'aziyya har da ɗaga hannu. A hankali dai ya koyi taɓa ƙasa da yatsa kafin ya ba da ruwa, ya koyi tsinke toho da farce, ya koyi rage saiwa ba tare da zuciyarsa ta tsinke ba. Bishiyar Lawban ta bar bokiti ta koma kasko, ta ɗan karkata gefe kamar mai sauraron gulma.

Kwanan baya ya kira mahaifiyarsa a bidiyo, ya juya mata waya ta ga aikinsa.

"Me take haifa?"

"Ba ta haihuwa, Inna."

"Ana miya da ganyen?"

"A'a."

"Inuwa fa?"

"Sai dai in kiyashi ne."

Tsohuwar ta ce Allah ya sa albarka, amma kada ya gaya wa kawunansa. Ya yi mata alkawari.

Bana da zai tafi gida Babbar Sallah, ya kai wa Barmo mukullin ɗaki, ya tsaya a bakin ƙofa yana jera masa sharuɗɗa har direban tasi ya gaji da danna hon. Daga filin jirgi ma sai da ya sake bugo waya ya ce a janye bishiyar daga rana in azahar ta yi.