Mai Baya da Igiyar Tukunya

Sunansa na yanka Tahiru. Na faɗa sau ɗaya don ku san wanda ake magana a kansa, ba zan sake ba, ni ba 'yar zamani ba ce da zan riƙa kiran sunan mijina kamar ina kiran akuya. Duk Damagaram Mai Baya ake ce masa. Daga baya aka ƙara masa wani suna, wai ni na ja masa. To, ku ji yadda aka yi.

Baduku ne ɗan baduku, a cikin Birni. Hannunsa na da kyau, wannan ba zan hana shi ba. In ya ɗinka maka takalmi, ƙafarka za ta gaji takalmin bai gaji ba. Da a kan fata ya tsaya da mun zauna lafiya. Amma tun kafin a kawo ni gidan, wani ma'aikacin gidan waya mai suna Alkasum ya kai masa sirdin moto ya rufe masa da fata, da aka gama ya goya shi suka zaga gari. Shi ke nan, abin ya shige shi. Ya je ya sayo wani tsohon moto ja, abin da mutanen Kano ke ce wa babur, mai tari kamar tsohon da ya ƙare rayuwarsa a kan taba. Ni na iske moton a gidan, ya riga ni, kuma kullum yana nuna mini ya riga ni.

Suna da ƙungiya, wai Ƙungiyar Masu Moto ta Damagaram. Ba ta noma, ba ta fatauci, ba ta taɓa tsinana wa kowa komai ba. Aikinta ɗaya ne: kowace shekara in an gama girbi su jeru a bakin tasha, su kama gudiro, wato kwalta, zuwa Mirriya, su sauka ƙarƙashin wata babbar tsamiya, su ci abinci, kowa ya yi ƙaryar gudun motonsa, su dawo. Alkasum ne parzidan, wato shugaba, shi ke gaba. Can ƙarshen layi kuma akwai Mai Baya.

Manyan maza da gemu suka zauna suka ƙago wa kansu dokoki, suka riƙe su kamar a Makka aka aiko musu. Mai Baya ba ya wuce ɗan ƙungiya a hanya. Wanda motonsa ya tsaya, shi zai tsaya ya tashe shi. Shi kuma ba a komawa nemansa, shi ke neman mutane. In abinci ya nuna, ana ɗaure murfin tukunya da igiyar fata, ba mai kwancewa sai Mai Baya, ba kuma mai kai loma baki sai ya iso. Sau ɗaya tak aka taɓa sa wa igiyar nan wuƙa, shekarar da Nomau, Mai Baya na farko, ya rasu ana gab da taro. Aka yanke, aka yi masa fatiha a kan tukunya, aka naɗa mai gidana. Don haka a wurinsu yanke igiya na nufin abu ɗaya: Mai Baya ya mutu, a naɗa wani.

Mutumin nan ya ɗauki abin kamar sarauta. Shi ya ɗinka sabuwar igiya da hannunsa, ja da kore, irin adon da bai taɓa yi wa takalmina ba. A gida ma ya zama Mai Baya. In za mu suna sai ya bi bayana, in na tsaya gaisawa ya tsaya, in na ce wuce mana, ya ce ba ya wuce mutum a hanya. Ni kuwa girkin taro ya faɗo kaina, wai matar Mai Baya ke yi. Ba wanda ya tambaye ni. Kowace shekara tun da sassafe a ɗora ni a bayan kamyo, motar kaya, da tukunya da itace, in riga su zuwa Mirriya in sha hayaƙi.

Sai ga shekarar fari. Ba na farko ba, wanda ya kashe shanu, na biyun nake nufi, lokacin da aka rufe iyakar Najeriya. Gero bai kai gwiwa ba ya ƙone. Mutanen ƙauye suka fara sauka gari da 'yan ƙunshinsu, muna cin jar dawar taimako wadda ko kaji sai sun yi shawara kafin su tsattsaga. Esansi kuwa, wato fetur, ya zama turare, a kwalba ake ɓoye shi.

Na ce masa, "Malam, bana dai ba taro ko?"

Ya ce, "Me ya hana?"

"Taron bayan girbi ne. Wa ya yi girbi?"

"Ko a farin farko ba mu fasa ba."

"A farin farko kuna da esansi. Yanzu da me za ku tafi, da tofi?"

Ya ci gaba da goge motonsa. Haka yake yi kullum, sai ya ba ni ƙeya ya ba moto fuska.

Ranar taro aka kai ni Mirriya. Shekarun baya raguna ne da shinkafa. Bana jar dawa ce aka ɓarza, da busasshen zogale, da wata akuya da 'yan ƙungiya suka haɗu suka samo, wadda in ka riƙe ta a rana kana hango wanda ke bayanta. Na yi dambu, na zuba naman a kai, na rufe, na ɗaure igiya. Amma ƙamshi ba ya jin doka. Kafin hantsi ya yi zafi mutane sun fara zama a gefen inuwa, irin waɗanda suka baro ƙauyukansu za su Damagaram. Ba su roƙi komai ba. Da sun roƙa da ya fi mini sauƙi, da na sami abin yi wa faɗa. Wata mata mai suna Hajara, daga wajen Damagaram Takaya, ta zauna kusa da murhu da 'ya'yanta mata. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi mutanen gida, kamar a gidan biki muka haɗu.

Alkasum ya fara isowa da hular sanyi a tsakiyar zafi, wai ta tuƙi ce. Sauran suka riƙa zuwa ɗaiɗai, ba jeri ba komai. Kowa ya sauka sai in ji magana ɗaya.

"Wallahi esansina ya ƙare a hanya, Mai Baya ya tsiyaya mini."

"Ni ma ya ɗiba mini."

"Allah ya saka wa Mai Baya, da yanzu ina can."

Na san abin da ya fita da shi daga gida, a gabana ya zuba. Da na ji mutum na ƙarshe ya faɗi haka na ce, "To ku da kuka tsotse shi, shi da me zai zo?" Duk suka kama duban tsamiya, kamar yau ta tsiro.

Azahar ta yi, aka yi salla. Na ce wa Alkasum, "Parzidan, a tura wani da kwalba guda ya kai masa."

Ya ce, "Uwargida, ba a komawa neman Mai Baya."

"Wa ya ce?"

"Doka."

"Wa ya yi dokar?"

"Mu."

"To ga ku nan zaune, ku warware ta mana."

Ya ce ba a taɓa doka ranar taro, sai an kira zama. Wani ɗan Barebari a cikinsu mai suna Ari, wanda ya fi su ƙuruciya ya kuma fi su hankali, ya miƙe ya ce shi zai je. Suka yi masa ca, wai zai zubar wa Mai Baya da mutunci. Ya koma ya zauna.

Ana cikin haka ga wani mai amalanken jaki ya fito daga wajen gari. Na tare shi na ce ko ya ga wani mai jan moto. Ya ce, "Wani dattijo mai taurin kai? Na gan shi, bai ma yi rabin hanya ba, yana turawa. Na ce ya ɗora moton a amalanke mu taho, ya ce shi ba a goya shi. Na ba shi ruwa, ya sha, ya ce in wuce kada in tare masa hanya."

Wannan shi ne mijina. Ba sai an rantse mini ba.

Na dubi rana, na dubi mutanen da ke gefen inuwa, sun ƙaru. Ƙaramar 'yar Hajara ta rarrafa wurin da na zubar da ruwan wankin dawa, tana tsintar ɓarzajjen da ya maƙale a ƙasa tana kaiwa baki. Uwar ta jawo ta ta buge mata hannu, ta dube ni ta ce, "Yi haƙuri, Inna, ba ta da wayo." Ni ake ba haƙuri, ina zaune a kan tukunyar da za ta ciyar da su duka.

Na ce, "Parzidan, a buɗe tukunyar nan."

"Sai Mai Baya."

"Mai Baya sai magariba, in ma ya iso. Ku kun karya a gidajenku. Waɗannan fa?"

"Uwargida, kin san abin da yanke igiya ke nufi. Mutum da ransa? Ke ce ma ya kamata ki hana."

Na sani mana. Na san in na yanke na raba shi da abin da ya fi so a duniya, ya fi son shi da fata, ya fi son shi da ni. Mutum ne da ba ya da kujera a buron gwamnati, ba ya da rawani, ba a taɓa tashi tsaye don ya shigo ba sai a ƙarƙashin tsamiyar nan, sau ɗaya a shekara, in ya durƙusa zai kwance igiya. Duk na sani. Amma an ba shi amalanke ya ƙi hawa.

Na ɗauki wuƙar da na yanka albasa. Igiyar ta yi gardama, don na gaya muku hannunsa na da kyau, sai da na taka tukunyar da ƙafa. Da ƙyar ta tsinke. Wani tsoho a cikin 'yan ƙungiya ya ce innalillahi, har da hawaye, wallahi, kamar gawar na gabansa.

Na ce, "Hajara, kawo ƙwaryarki."

Ina rabo su kuma suna shawara. Kun san abin da suka yanke? Tunda an yanke igiya, dole a cika doka. Suka ɗaga hannu suka yi wa mijina fatiha, yana can kan gudiro yana zufa. Suka naɗa Ari sabon Mai Baya, yana cewa ba ya so, suna cewa ba a ƙi. Sannan suka miƙo kwanoninsu. Na ba su ƙanzo.

Rana ta yi ja ya iso, yana tura moton, leɓɓansa sun yi fari. Ya jingine shi a tsamiya, ya nufi tukunya yana gyara hula. Ya ga murfi a ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauki igiyar, gutsure biyu, ya duba bakin yankan.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni."

"Kin san me kika yi?"

"Na ciyar da mutane. Ga naka nan na rufe maka, zauna ka ci."

Alkasum ya matso yana murza hularsa ya ce, "Sai haƙuri, Mai... wato, an riga an yi fatiha." Wani daga baya, ban ga ko wane ne ba, ya ce, "Sannu da zuwa, Marigayi." Dariya ta ƙwace wa wasu. Sunan ya bi shi har kabari, yara a Birni ma Marigayi Mai Baya suke ce masa.

Ya ci abincin, ai yunwa ba ta san fushi ba, amma ya daɗe ba ya yi mini magana sai ta bakin maƙwabta. Wai in ba shi haƙuri. Na ce a gaya masa in aka sake wannan rana zan sake yankewa, kuma wannan karon zan wasa wuƙar tukuna.

Na ɗauka na huta da girki ke nan. Ina! Shekara ta zagayo, ruwa ya ɗan samu, masu moto suka jeru a bakin tasha, Ari a ƙarshe. Suna tashi sai ga jan moto ya fito daga lungu ya bi bayan Ari. Alkasum ya tsayar da jeri ya ce, "Kai fa ba ka cikin ƙungiya, ka rasu." Ya ce gudiro na gwamnati ne, shi Mirriya za shi. Ari kuwa yaro ne mai kunya, ya rasa yadda zai kwance igiya tsohon Mai Baya na hanya, sai ya tsaya jira. Daga ranar Ari ke kwancewa, amma sai Marigayi ya iso. Matar Ari ba ta iya dambu ba, aka dawo mini da tukunya. Wato na yanke igiya, na sha gaba, kuma ban rage komai ba sai ma ƙarin mutum ɗaya da ake jira.

Haka ya yi ta bin su har ƙafarsa ta kasa tada moto. Da ya rasu da gaske, bayan sadakar uku, 'yan ƙungiya suka zo zaure suka zauna, duk sun tsufa, Alkasum da sanda. Ina daga ciki ina jin su suna musu: ranar taro a yanke masa igiya ko kada a yanke, tunda an riga an yanke masa tun shekarar fari? Wasu suka ce ba a yi wa mutum sau biyu. Wasu suka ce ta farko ba ta ƙirgu ba, mace ce ta yanke.

Na shiga ɗaki na buɗe jakar kayan aikinsa. Gutsuren nan biyu na ciki, ya ɗinke su wuri ɗaya da zare mai kyau, in ba ka sani ba ba za ka ga wurin ba. Na leƙa zaure na jefa musu.

Na ce, "Ga ta nan, ya gyara. Ku je ku yanke da kanku. Kuma ku yi da wuri, kada ku bar mutane da yunwa."