Randar Adda Liyatu

Ƙwayoyin halittar cutar kansa da ake bincike a kansu a ɗakin gwajin wata jami'a a Yola suna nan da rai, shekaru bayan kawo su daga waje. Wadda ta raya su, Malama Liyatu Apollos, ma'aikaciyar ɗakin da ake kira Adda, wato babbar yaya, ta yi ritaya a makon jiya.

Kullum da safe takan hau keke daga Jimeta, ta wanke hannu har gwiwa, ta duba kwalaben ƙwayoyin a madubin ƙara girma, ta sauya musu ruwan abinci. Ƙwayoyin ba su san Kirsimeti ba, don haka takan biya ta wurinsu bayan coci da kayan bikinta.

Dokta Hamajoɗa, shugaban binciken, ya bayyana aikin a taƙaice. Akwai wani sinadari a cikin ƙwayar halitta da ke liƙa wa furotin jelar maiƙo, da ita furotin ke manne wa bangon ƙwayar ya ba ta umarnin hayayyafa. Ɗalibansa na gwada magungunan da za su hana liƙa jelar, ko cutar kansa za ta lafa. Idan ƙwayoyin suka mutu, babu abin gwaji, babu digiri.

A wani watan Afrilu wuta ta ɗauke, janareta ya lalace. Ƙwayoyin na son ɗumi daidai na jikin mutum, zafin Yola kuwa ya wuce haka. Liyatu ta sa aka kawo randa daga Namtari, ta kafa ta a jiƙaƙƙen yashi, ta toshe bakin kwalaben, ta jera su ciki da ma'aunin zafi.

Fadimatu, ɗalibar digiri na biyu a lokacin, ta ce Dokta ne da kansa ya tallabo randar daga mota, yana haki.

"Adda Liyatu, kunu za mu dama ne?" in ji shi.

"Dokta, ajiye a hankali. In ka fasa, kai za ka koma Namtari a ƙafa."

Sun yi karɓa-karɓar yayyafa wa yashin ruwa har aka gyara janareta. Kwalba biyu sun lalace, sauran sun tsira. Da waɗanda suka tsira ne Fadimatu ta kammala bincikenta, yanzu ita ma tana koyarwa.

Adda Liyatu, ke ce uwar ɗakin nan. Sunanki bai fito a saman takardun da aka wallafa ba, amma babu sakamako ɗaya da bai bi ta hannunki ba. Mun gode. Masu aikin da ba a yi wa tafi, ga abin koyi.

Randar na nan a bayan ƙofa. Har ranar da muka ziyarci ɗakin ba a tura wanda zai maye gurbinta ba. Mun tarar da ita a ciki, tana sauya ruwan kwalabe.

"Ritaya tawa ce," in ji ta. "Su ba su yi ba."